Waƙa da Alhakin Mai Ita

Ya mai karatu, ko ka taɓa lura da wannan, wa'azin da ka ji makon jiya ya rigaya ya tsere maka, amma waƙar da uwarka ta yi maka kana goye tana nan a bakinka har yau? Ba ka zauna ka haddace ta ba, ba kuwa wanda ya tsaya a kanka da bulala. Magana ta kan tsaya a zaure, mai gida ya fito ya dube ta, ya tambaye ta inda ta fito, kana ya karɓe ta ko ya sallame ta. Waƙa ba ta tsayawa a zaure. Kafin hankali ya farka ta rigaya ta kai ɗaka, ta shimfiɗa tabarma. Domin wannan ina so mu yi shawara tare a kan tambaya guda: mutumin da ya shirya waƙa ya sake ta cikin duniya, ina iyakar alhakinsa a kan abin da ta aikata? Ina rubuta wannan musamman domin samari da 'yan mata, da iyayenmu na zumuntar mata, waɗanda aka ba su baiwar shirya waƙoƙi. Amma mai saurare ma yana da rabonsa a ciki.

Bari mu fara duba ko mene ne kiɗa, gama ba daidai ba ne mutum ya yanke shari'a a kan abin da bai san asalinsa ba. Ɗauki gurmi ko molo, ka kaɗa tsirkiya guda, ka saurara. Sa'an nan ka danne ta da yatsa daidai tsakiyarta, ka sake kaɗawa. Za ka ji muryar ta hau, amma kunnenka zai ce maka ai ta ɗazu ce, ƙanƙancewa kawai ta yi, kamar yadda muryar mace da ta namiji su kan tafi tare cikin waƙa guda, ɗaya a bisa, ɗaya a ƙasa, ba su saɓa ba. Dalili kuwa shi ne, rabin tsirkiya ya kan yi rawa sau 2 a lokacin da dukanta ke yin sau 1. In ka danne ta yadda kashi 2 cikin 3 ne ke rawa, za ka sami wata murya dabam wadda ke zaman lafiya da ta fari. Helenawan dā sun san wannan lissafi, suna kuwa danganta gano shi ga wani malaminsu, Fitagoras, wanda ya rayu wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu. Masana na baya sun auna abin sosai: muryar da makaɗan Turai ke daidaita kayan kiɗansu a kanta, iska ce ke rawa sau 440 cikin sakan guda, 'yar'uwarta ta bisa kuwa sau 880. Makaɗin garaya wanda bai taɓa shiga aji ba yana bin wannan doka da yatsunsa, ko da ya ke bai san sunanta ba.

Ashe, ba ɗan Adam ne ya ƙago tushen kiɗa ba. Tarar da shi ya yi cikin halitta, kamar yadda ya tarar da tama cikin ƙasa da gishiri a Bilma. Saboda haka ba zan yarda da mai cewa kiɗa kansa ƙazanta ne ba. Amma lissafi bai gaya mana dalilin da ya sa ƙato mai gemu ya kan ji wata waƙa hawaye su zubo masa ba. Dubi manoma a wurin gayya: rana ta take, baya ya gaji, sai mai ganga ya canza kiɗa, ka ga kowa ya sunkuya kamar yanzu aka fara. Dubi mata wajen lugude, yadda taɓarya uku ke shiga turmi guda ba su karo. Dubi ɗan dambe sa'anda kalangu ya kira takensa: mutumin da ke zaune lafiya ya tashi jikinsa na ɓari, ya shiga fili inda za a iya zubar masa da haƙora. Ba wanda ya kawo masa hujja. Kiɗa ne ya kama shi ta inda hujja ba ta kaiwa.

Littafin Sama'ila na Fari ya nuna mana fuska biyu na wannan iko a kan mutum guda. Sa'anda baƙin rai ya kan sauko wa sarki Saul, sai a kira saurayi Dawuda ya kaɗa masa molo, sarki ya sami sauƙi. Ba a ce Dawuda ya yi masa wa'azi ba. Yatsu ne da tsirkiya kaɗai. Bayan 'yan surori kaɗan, mata suka fito taryen mayaƙa da rawa da waƙa, cikin waƙarsu kuwa suka ba Dawuda lissafin nasara wanda ya fi na sarki. Tun daga ran nan kishi ya shiga zuciyar Saul, har ya jefi makaɗinsa da mashi. Matan nan ba su nufi mugunta ba, murna su ke yi. Duk da haka 'yar gajeriyar waƙarsu tana cikin abubuwan da suka sa Dawuda ya yi shekaru yana gudu cikin jeji da kogwanni.

Waɗanda suka fi sanin kiɗa su ne suka fi jin tsoronsa. Agustin, wanda ya zama bishop na Hifo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yau, ya ba da labari cewa ya yi kuka ƙwarai da jin waƙoƙin ikilisiya a birnin Milan, a kwanakin da aka yi masa baftisma cikin shekara ta 387. Amma daga baya ya shaida cewa zuciyarsa tana kai da kawowa a kan al'amarin, gama wani lokaci daɗin muryar ya kan motsa shi fiye da ma'anar abin da a ke rerawa, wannan kuwa ya lissafta shi laifi a gare shi. Zuwingili, mai wa'azi na birnin Zurik, gwani ne wajen kaɗa kayan kiɗa iri iri, yana kuma shirya waƙoƙi. Amma a zamaninsa, cikin shekarun 1520, aka hana kiɗa da waƙa cikin sujada a birnin. A ganina tsoronsu yana da tushe, amma maganin Zuwingili ya wuce cutar. Ba a kashe wutar murhu domin ta taɓa cinye ɗaki. A kan sa ido ne a kan mai hura ta.

To, yanzu sai in faɗi nawa laifi, domin kada ka ce malamin nan yana magana a kan abin da bai ɗanɗana ba. Ina ɗan shekara 19, ni ne mai ba da waƙa cikin samarin majami'ar ƙauyenmu. Akwai wani dattijo mai riƙon kuɗin baiko, mutum mai gaskiya amma mai kaifin harshe, yana kuwa ɗingishi da ƙafar hagu tun yana yaro. Wata rana ya tsauta mini a gaban jama'a saboda na ɗauki gangar majami'a na kai gidan biki ban nemi izini ba. Gaskiya tasa ce, amma kunya ta cika ni. Da dare na kwanta ina juya abin, kafin asuba na shirya 'yar waƙa, ba ta fi ɗango uku ba. Ban ambaci sunansa ba, ban ambaci ƙafa ba. Abin da na yi ya fi wannan wayo, ya kuma fi shi muni: na sa ɗingishin cikin amon waƙar, taki guda dogo, taki guda gajere, daidai tafiyarsa. Yara biyu kaɗai na koya wa. Kafin mako ya kewayo ana yinta a bakin rijiya, ana yinta a wurin kiwo. In dattijon ya zo wucewa, yara ba su bukatar kalmomi. Fito kawai su ke yi. Ya bar bin babbar hanya zuwa kasuwa, ya koma zagayawa ta bayan gari. Daga baya ya mai da jakar baiko, ya riƙa zama a bencin baya, ya fita kafin a tashi.

Da na ga inda abin ya kai, na tafi gidansa na durƙusa na faɗi gaskiya. Ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma je ka ka gaya wa waƙar." Na hana yaran nan biyu, suka bari. Sauran garin fa? Wanda ya saci akuya yana iya mayar da ita, har ya ƙara da ɗanta. Wanda ya saki waƙa ba shi da igiyar da zai jawo ta.

Watakila za ka ce, "Malam, ka tsananta. Maƙeri ya kan ƙera wuƙa, wani ya yanka nama da ita, wani ya kashe ɗan'uwansa; ba a kama maƙeri. Hakanan mai waƙa: shi dai ya yi aikinsa, abin da masu ji suka yi nasu ne." Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa zan ture ta da hannu ɗaya ba, gama akwai labarin da ke goyon bayanta.

A ƙasar Ostiriya an yi wani gwanin shirya kiɗa, Yusufu Haidin, an haife shi a 1732, ya mutu a 1809. Makaɗin fada ne sosai, kamar yadda mu ka san su a nan: ya yi wajen shekara 30 yana hidima a gidan sarautar Estahazi, yana sa tufafin barorin gidan, yana shirya kiɗan da ubangidansa ya bukata. Cikin tsufansa, a lokacin da yaƙin Faransa ya matsa wa ƙasarsa, ya shirya amo domin wata waƙa ta roƙon albarka ga sarkinsu Faransis. Aka fara rera ta ran 12 ga Fabrairu 1797, ranar tuna haihuwar sarkin. Amo ne mai sauƙi, mai natsuwa, yaro ma ya iya ɗauka. Haidin ya ƙaunace shi ƙwarai. Cikin kwanakinsa na ƙarshe, sojan Faransa suna cikin birnin Biyenna, shi ne ya kan zauna ya kaɗa. Yanzu bi sawun wannan amo bayan mutuwar mai shi. A 1841 wani marubuci Bajamushe ya ɗora masa waɗansu kalmomi a kan haɗin kan Jamus. A 1922 ya zama taken ƙasar Jamus. Daga 1933 zuwa 1945 mutanen Hitila suka riƙa rera baitinsa na fari a tarurrukansu, suna bin sa da waƙar jam'iyyarsu, har ya zama akwai mutane da yawa a Turai waɗanda in sun ji shi sai gabansu ya faɗi. Cikin waɗannan shekaru duka kuwa, masu sujada a Ingila da Amurka suna rera amon nan da kalmomin yabo waɗanda Yohanna Niyuton ya rubuta, aka buga a 1779, tun amon bai zo duniya ba. Yau ma shi ne taken Jamus, amma da baiti na uku kaɗai. Amo guda, iyayengiji da yawa. Wa zai ɗora wa tsoho Haidin alhakin abin da aka yi shekara 124 bayan an binne shi? Ba mai hankalin da zai yi. A nan maganar maƙeri ta tsaya da ƙafafunta.

Amma ba kowace wuƙa ce wuƙar yanka nama ba. In mutum ya zo wurin maƙeri ya ce a ƙera masa abin da zai shiga tsakanin haƙarƙarin wane, maƙeri kuwa ya auna ya ƙera daidai, ba shi da bakin cewa shi ƙarfe kawai ya sani. A ƙasar Ruwanda an yi wani mawaƙi sananne, Simon Bikindi, mai gwaninta ƙwarai. A 1994, sa'anda aka yi kisan kare dangi a kan Tutsi, inda cikin kwana wajen 100 aka hallaka mutane dubu ɗari ɗari, gidan rediyon da ke zuga makasa ya riƙa sa waƙoƙinsa. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta yanke masa shekara 15 a watan Disamba 2008. Lura da wannan da kyau: alƙalai sun sami cewa waɗansu waƙoƙinsa an shirya su ne domin su hura ƙiyayya tsakanin kabilu, amma ba a kansu aka ɗaure shi ba, gama ba a tabbatar yana da hannu wajen watsa su a lokacin kisan ba. An ɗaure shi ne saboda maganar zuga da ya yi da lasifika daga cikin mota. Shari'ar mutane tana da iyaka, daidai ne kuwa ta yi hankali. Amma kai da ni mun sani akwai abin da alƙali ba ya iya kamawa wanda lamiri ya kan kama da tsakar dare.

Ga bambancin, in na fahimta daidai. Haidin bai zuba kome cikin amonsa wanda ke neman jinin wani ba. Masu zuwa daga baya ne suka ɗora masa kaya. Ni kuwa na zuba ɗingishin dattijon nan cikin nawa da gangan, har ya zama ko an cire kalmomin, dafin yana nan. Kada wani ya ruɗe ka da cewa amo ba ya laifi, kalmomi ne kaɗai ke yi. Mu da mu ke ƙasar da kalangu ke magana, mun san makaɗi yana iya zagin mutum sarai bai buɗe baki ba. Mai shirya waƙa zai amsa a kan abin da ya nufa, ko ya ɓoye shi cikin habaici. Zai kuma amsa a kan abin da kowane mai hankali zai iya hangowa, ko shi bai nufa ba. Matan da suka tari Dawuda sun san halin sarakuna, da sun tsaya sun yi tunani kaɗan da sun gane ba a auna bara da ubangidansa a bainar jama'a. Abin da ɓarawo ya yi da waƙarka bayan ka bi da ita ta hanyar kirki, wannan nasa ne.

Ina roƙonka ka auna waƙoƙin da mu ke yi cikin majami'u da wannan mudu. Na sha jin waƙar da aka fara da sunan Ubangiji, amma kafin a kai tsakiya ta zama habaici ga kishiya, ko ga wata ɗariƙa, ko ga maƙwabtanmu Musulmi, jama'a kuwa suna ta guɗa domin sun gane inda aka dosa. Mu da mu ka ga abin da faɗan kabila da na addini ya yi wa garuruwanmu, bai kamata a koya mana hatsarin wannan ba. Yaron da ya girma yana rera raini ga maƙwabcinsa kowace Lahadi, ran da fitina ta tashi ba ya bukatar mai zuga shi. An gama aikin tun yana ƙarami. In waƙarka ba za ka iya rera ta a gaban wanda ta shafa kana duban idonsa ba, kada ka kawo ta gaban Allah.

Sai maganar abinci, gama mawaƙi ma yana da ciki da iyali. Karɓar lada a kan waƙa ba laifi ba ne, yabon mutum kuma ba laifi ba ne in abin da aka faɗa gaskiya ne. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ɗaukaka yaran mota da talakawa waɗanda ba mai kula da su, ya sa mutane suka dube su da idon mutunci. Wannan aiki ne mai kyau. Amma a kira marowaci mai kyauta domin riga, a kira azzalumi uban marayu domin kujerar mota, sa'an nan a yi wa wanda ya hana zambo har ya ba da don tsoro, wannan ciniki ne da bakin da aka ba ka amana. Ƙarya cikin magana ta kan mutu da wuri, gama mutane su kan tuhume ta. Ƙarya cikin waƙa mai daɗi jikoki ma su kan gāje ta. Kada kuma mu nuna maroƙan kasuwa da yatsa mu manta da kanmu: ran bikin godiya na kaka, sa'anda mai waƙa ya shiga jera sunayen masu manyan baiko yana wasa su, ya wuce gwauruwar da ta kawo mudun dawa, ina bambancinsa da su?

Akwai wani alhaki kuma wanda ba a cika ambatarsa ba, shi ne alhakin gwaninta. Waɗansu suna tsammani in nufi ya yi kyau, ko yaya aka harhaɗa waƙa ta isa. Ban yarda ba. Magini mai kyakkyawar zuciya wanda ya ɗora azara a karkace, ɗakin zai faɗa wa mutane duk da kyan zuciyarsa. Harshenmu yana da doka tasa. Gaɓa tana da nauyi ko sauƙi, wasali yana da tsawo ko gajarta, murya tana hawa tana sauka, ma'ana kuwa tana rataye a kan waɗannan. Gari na zama dabam ne da gari na tuwo. Wuya na jiki dabam ne da wuya ta wahala. Kuka na hawaye dabam ne da kuka ta miya. Mawaƙanmu na gargajiya, da malamai masu rubuta waƙa tun zamanin Nana Asma'u, suna kiyaye nauyin gaɓa ƙwarai, shi ya sa kalmominsu ke zama daram a kan kiɗa. Waƙoƙin Ingilishi kuwa a kan wata doka dabam aka gina su, ta danna wata gaɓa fiye da wata. Sa'anda masu bishara na fari suka ɗora kalmomin Hausa a kan amon ƙasarsu, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, muna kuwa gode musu. Amma a wurare da dama rigar ba ta zauna wa mai ita ba, a kan ja gajeren wasali, a kan guntule dogo. Su baƙi ne, suna da hujja. Kai da ka sha harshen a nono ba ka da ita.

Ni kaina na taɓa shirya waƙa a kan gādon da aka ajiye wa masu bi. Amon da na zaɓa yana gudu a daidai wurin kalmar, ya guntule ta. Muka rera ran Lahadi da ƙarfi. Bayan an tashi wata tsohuwa ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, wannan gado da za a ba mu a sama, da katifa ne ko na kara?" Ba ba'a ta ke yi ba sosai, ba kuwa da gaske ta ke ba sosai, gyara ta ke yi mini irin na iyaye. Na koma na yi kwana uku a kan ɗango guda kafin kalmar ta sami wurin miƙe ƙafa.

Kada ka ji kunyar irin wannan wahala, gama ita ce sana'ar. Amon nan na Haidin da ke kamar ya faɗo daga sama cikin dare ɗaya, takardun gwajinsa suna nan ajiye, suna nuna ya rubuta ya sāke kafin ya tsaya a kan wanda duniya ta sani. Yohanna Sebastiyan Bach, wanda ya riƙe aikin waƙa na majami'un birnin Laifzig daga 1723 har mutuwarsa a 1750, ya koyi aiki ta wurin kwafe kiɗan waɗanda suka riga shi da hannunsa, kamar yadda ɗan amshi ke shekaru a bayan ubangidansa kafin ya buɗe baki shi kaɗai. Cikin shekarunsa na fari a birnin ya kan kawo sabon kiɗa kusan kowace Lahadi, waɗanda suka rage har yau sun kai wajen 200. A ƙarshen takardunsa da yawa ya kan sa haruffa uku na Latin masu nufin ɗaukaka ta Allah ce shi kaɗai. Ban kawo wannan domin ka riƙa sa haruffa a gindin takarda ba. Rubuta su ba wuya. Abin dubawa shi ne aikin da ke bisansu, wanda mutumin ya yi da iyakar ƙarfinsa domin jama'ar da yawancinsu ba za su ji shi fiye da sau ɗaya ko biyu ba.

In ka shirya waƙa, ɗan'uwana, kada ka yi gaggawar koya wa yara. Bar ta ta kwana bakwai a wurinka. Faɗi kalmomin da baki kamar magana, ba amo, ka ji ko gaskiya ne, ko za ka iya sa hannu a kansu. Sa'an nan ka yi amon da fito, ba kalmomi, ka ji abin da shi ke faɗi, gama wani lokaci kalmomi suna tuba amo yana taƙama. In fushi ne ya tashe ka shirya ta, ka lura ƙwarai, domin fushi gwanin waƙa ne. Ban taɓa yin wadda ta zo mini da sauƙi kamar ta daren nan ba. Ka rera wa tsoho guda da tsohuwa guda waɗanda ba su jin nauyinka. A kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, gaskiya ne. Amma kwana kaɗan ta ke yi a bakin mai ita, sauran ranta duka a bakin waɗansu ne, inda ba za ka kasance ba balle ka ce ba haka ka ke nufi ba.

Dattijon nan ya rasu shekara 6 da suka wuce. Ya karɓe ni kamar ɗa har ƙarshe, ni ne ma na karanta masa Littafi a kwanakin ciwonsa, amma bai sake bin babbar hanyar kasuwa ba. Bara da kaka na koma ƙauyen gaisuwa. Ina zaune a zauren ƙanena da la'asar sai na ji wata yarinya tana daka a bayan danga, tana waƙa. Ba a haife ta ba sa'anda abin ya faru. Kalmomin sun sāke sarai, yanzu a kan wata akuya ce mai satar dusa. Amma takin yana nan, guda dogo, guda gajere. Gidan da ke jikin dangar kuwa nan ne matar marigayin ta ke zaune, tana tsinkar zogale a tsakar gida. Na leƙa na tambayi yarinyar wa ya koya mata. Ta ce ai tsohuwar waƙa ce, ba ta da mai ita.